Yaya mai sitar da mai tabla suke dira tare a bugu ɗaya alhali ba su yi gwaji ba?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu ilimin kiɗan gargajiyar Indiya ce, ba na fina-finai ba, wanda ake zama a kan darduma da sitar ko sarod, kayan kiɗa masu tsirkiya, da gangar tabla. Ana cewa mafi yawan abin da ake ji a irin wannan zama ba rubutacce ba ne, nan take makaɗin yake tsara shi, kuma sau da yawa mai sitar da mai tabla ba su taɓa gwaji tare ba sai a gaban jama'a. To in haka ne, me ya sa za ka ji kowa ya kama gabansa, wannan yana zuba, wancan yana zuba, sai kwatsam su dira tare a bugu ɗaya, masu sauraro su kaɗa kai suna jinjina? Alama suke yi wa juna ko lissafi ne? Na biyu, wane ɓangare ne hadda, wane ne ƙirƙira? Na uku, mai son koyon bin ƙirgar da kunnensa daga ina zai fara? A taimaka da bayani dalla-dalla, da lambobi in da hali.

Baban Ummi

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Lissafi ne. Haɗa ido yana nan, amma ba shi ke sauke su tare ba. Zan tsaya a tsarin arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, tunda sitar da tabla ka ambata.

Kiɗan yana tafiya ne a kan tala, wato zagaye mai sanannen adadin bugu da ke maimaituwa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Bugun farko na zagayen shi ne sam, kuma a kansa ka ji sun dira. Tala da aka fi amfani da shi shi ne Tintal: bugu 16, gida huɗu, kowane gida bugu 4. Ana tafi a bugu na 1, na 5 da na 13. A na 9 ba a tafi, sai a juya tafin hannu sama, shi ne khali. Kowane tala yana da kiɗan tushe da mai tabla yake riƙewa, sunansa theka, kuma da baki ake fara koyonsa kafin hannu ya taɓa fata. Na Tintal:

dha dhin dhin dha / dha dhin dhin dha / dha tin tin ta / ta dhin dhin dha

Ka lura da gida na uku. Tabla ganga biyu ce: ta dama ƙarama ce ta itace mai siririyar murya, ta hagu babba ce, galibi ta ƙarfe, mai kaurin murya. Dha da dhin hannu biyu ke buga su lokaci guda, ta da tin kuwa ba kaurin gangar hagu a cikinsu. Saboda haka daga bugu na 10 zuwa na 13 kaurin yana ɗaukewa, ya dawo a na 14. Da wannan mai sitar yake gane inda yake. Komai nisan da ya yi cikin ƙirƙira, da ya ji kauri ya ɗauke ya san ya wuce rabi, da ya ji ya dawo ya san bugu uku ne tsakaninsa da sam.

Sai gyara kaɗan a kan cewa kowa ya kama gabansa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. A ƙa'ida, ɗaya yana yawo, ɗaya yana tsaron gida. In mai sitar ke ƙirƙira, mai tabla yana kan theka, sai ɗan adon da ba zai ɓoye gidajen ba. In aka ba mai tabla fili, mai sitar zai koma yana maimaita waƙar tushe, wato gat, zagaye bayan zagaye ba canji, har wancan ya sauka. Gat ɗin tana da kai da ake komawa gare shi kamar amshi, mukhda. A gat mai tafiyar hawainiya da ake kira Masitkhani, mukhda tana farawa a bugu na 12, ta ci bugu biyar, ta zube a kan sam. Ke nan filin ƙirƙirar mai sitar a zagaye ɗaya daga 1 zuwa 11 ne, ko ya haɗa zagaye biyu ko uku, amma duk inda ya je a 12 zai kama amshi.

Sauran talolin da za ka yawan ji: Jhaptal bugu 10 ne, 2+3+2+3, dhi na / dhi dhi na / ti na / dhi dhi na, khali a na 6. Ektal 12 ne. Rupak 7 ne, 3+2+2, tin tin na / dhi na / dhi na, kuma shi ne mai tarko, domin sam ɗinsa ita ce khali. Sabon kunne yakan ɗauki bugu na 4, inda kauri ya shigo, a matsayin farkon zagaye, sai ya yi ta ƙirga a karkace. Keherwa mai 8 da Dadra mai 6 kuwa kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin su, don a kansu aka gina yawancin waƙoƙin fina-finan Indiya.

Wurin farawa: kada ka fara da kiɗa mai jinkiri sosai, ya fi wuyar bi. Nemi Tintal mai matsakaicin gudu. Kafin ka kunna, ka faɗi theka da baki kana tafi, a gudun bugu 70 zuwa 80 a minti, har bakinka ya daina tuntuɓe a gida na uku. In ka kunna, kada ka nemi sam kai tsaye. Nemi jimlar da ake ta komawa gare ta, ka lura da harafin da aka fi dannawa a cikinta, ka ce 1 a nan, ka ƙirga zuwa 16. In dannawar ta sake faɗowa a kan 1 ɗinka sau uku a jere, ka kama.

Maman Sadiq

Baban Ummi ya shimfiɗa tabarma, bari in ɗora abin da ke kawo dirar da ta burge ka, Ɗan Fagge. Sunansa tihai. Jimlar kiɗa ɗaya ake maimaitawa sau uku daidai wa daida, a tsara ta yadda bugunta na ƙarshe a karo na uku zai faɗa kan sam. Abokin kiɗa da ya ji ta farko ta ƙare, ya ji ta biyu ta soma, ya riga ya san tsawon jimlar da tsawon hutun da ke tsakani, sai ya shigo su ƙarasa ta uku tare. Shi ya sa ba sai an yi gwaji ba.

Lissafin shi ne: tsawon jimla sau 3, a haɗa da tsawon hutu sau 2, dole ya yi daidai da adadin bugu daga inda ka fara zuwa sam, kana ƙirga ita sam ɗin a ciki. A nan gizo ke saƙa. Daga sam zuwa sam a Tintal 17 ne, ba 16 ba, domin dha ta ƙarshe a kan bugun farko na sabon zagaye take zama.

Daga sam ke nan 17 = 5+1+5+1+5. Ɗauki ti ra ki ta dha, kowane harafi bugu ɗaya: 1 zuwa 5, hutu a 6, 7 zuwa 11, hutu a 12, sannan 13 zuwa 16 da dha a kan sam. Daga khali, wato na 9, adadin 9 ne, sai 3+3+3 ba hutu: ti ta dha sau uku, dha tana faɗawa a 11, a 14, a sam. Daga na 5 adadin 13 ne, 3+2+3+2+3. A Jhaptal daga sam zuwa sam 11 ne, 3+1+3+1+3. A Rupak 8 ne, 2+1+2+1+2, in an haɗa zagaye biyu kuma 15, wato 5 sau uku. Tunda 17 ba ta rabuwa gida uku, tihai marar hutu ba ta yiwuwa daga sam zuwa sam a zagaye ɗaya na Tintal in ana harafi ɗaya a bugu, amma a zagaye biyu tana yiwuwa: 33 = 11 sau 3.

Yanzu ga abin da ke amsa tambayarka ta hadda da ƙirƙira. Waccan tihai mai 17, in ka ninka gudu, harafi biyu a kowane bugu, daga na 9 za ka fara ta: bugu 8 sau 2 ya ba da 16, a ƙara dha ta sam, 17. In harafi huɗu ne a bugu, daga na 13 za ka fara: 4 sau 4, a ƙara 1, 17 dai. Tihai ɗaya aka haddace, amma tana da ƙofa uku. Makaɗin da ya goge yana da irin waɗannan masu yawa a ka, na kowace ƙofa a kowane gudu. Ba ya tsayawa yin lissafi a gaban jama'a, jikinsa ya san in yana na 5 ga abin da zai shiga, in ya makara zuwa na 9 ga wanda zai ɗauko. Abin da yake sabo a daren shi ne wace jimla ya zuba a cikin ma'aunin, da lokacin da ya zaɓi shiga. Kuskuren masu koyo a nan shi ne su ninka 9 su samu 18, sai su tarar da rarar rabin bugu. Ba a ninka sam, sau ɗaya ake ƙirga ta.

Akwai babbar tihai da ake kira chakradar, wadda kowane kashi nata yake ɗauke da tihai a ciki, dha tara ke nan. Mai sauƙi: 11 ɗin can mai 3+1+3+1+3, a jera ta sau uku ba hutu, 33, zagaye biyu na Tintal cif. Dha ta uku tana a 11, ta shida a na 6 na zagaye na biyu, ta tara ce kaɗai ke taka sam. Daɗinta shi ne sau biyu kunne yana zaton an iso, ba a iso ba.

Abin da ke ɓata tihai guda uku ne galibi: hutu na biyu ya fi na farko gajarta saboda zumuɗi, ko a ƙara gudu a karo na uku, ko a sauya harafi a tsakiya don a cike giɓi. Na ukun ya fi muni a wurin masana, domin ya nuna makaɗin ya shiga ta ƙofar da ba tata ba yana neman rufa wa kansa asiri. Wannan daban yake da wanda ya sauka rabin bugu kafin sam ko bayanta da gangan. Shi za ka gane shi, don jimlolinsa uku tsawonsu ɗaya kuma bai ruɗe ba.

Mai Gurmi

Allah ya ƙara basira, Maman Sadiq, lissafinki ya fita. Sai dai ina tsoron kada Ɗan Fagge ya tashi da zaton cewa gwanintar duka ƙirga ce. A zaman sitar ko sarod na sosai, ana iya yin minti 30 ko 40 mai tabla bai ɗora hannu a fata ba, kuma a nan ne ake auna makaɗi. Dokar wannan ɓangare raga ce, wato tsarin da ke ƙayyade muryoyin da za a taka da yadda za a bi su.

Matakan murya bakwai ne: Sa Re Ga Ma Pa Dha Ni (wannan Dha daban take da dha ta tabla). Sa da Pa ba sa motsi. Re, Ga, Dha da Ni ana iya sassauta su ƙasa, Ma kuma ana iya ɗaga ta, jimla 12. Sa ba ta da ƙayyadadden tsayi, mawaƙi ke zaɓar inda muryarsa ta zauna, a ɗaure tanpura a kai. Tanpura ita ce mai tsirkiya huɗu da ke ta amo a baya, ana ɗaure ta Pa, Sa, Sa, da Sa ta ƙasa. In raga ba ta da Pa dole a sauya ta farko: Ma a Malkauns, Ni a Marwa ko Puriya. Barin ta a Pa yana cusa wa kunne muryar da ragar ta hana.

Ɗauki ragar Yaman, wadda ake yi a farkon dare kuma da ita ake yawan fara koyarwa. Ma ɗinta ɗagaggiya ce, sauran duk a mazauninsu. Amma wanda ya hau Sa Re Ga Ma Pa a jere bai yi Yaman ba. Hawanta daga Ni ta ƙasa yake: Ni Re Ga, Ma Dha Ni Sa, ana tsallake Sa da Pa a hawa, a taka su a sauka. Ga da Ni su ne wuraren tsayawa. A buɗewar da ba ganga, wato alap, makaɗi zai fara kafa Sa, ya gangara hawan ƙasa, ya dawo, sannan ya riƙa buɗe murya ɗaya bayan ɗaya: ya zagaya Ga har ta ƙoshi kafin ya nuna Pa, ya ja wa masu sauraro rai kafin ya taɓa Sa ta sama. Wanda ya haye sama a minti uku na farko ya ƙone kayansa, ba abin da zai bayar a minti na ashirin. Bayan alap sai jor, inda bugu ya shigo amma ba zagaye, sai jhala, inda ake kaɗa siraran tsirkiyoyin gefe tsakanin muryoyin waƙa da sauri. Sannan ne tabla take shigowa.

Inda ƙirƙira ke kifewa shi ne zamewa cikin raga maƙwabciya. Bhupali da Deshkar muryoyinsu biyar iri ɗaya ne, Sa Re Ga Pa Dha. Bhupali tana zaune a kan Ga, tana son hawan ƙasa da tsakiya, ta dare ce. Deshkar tana jingina da Dha da Pa da Sa ta sama, Re ɗinta taɓawa kawai ake yi, ta safe ce. Mai yin Bhupali da ya cika daɗewa a kan Dha ya fita daga gidansa ko da bai buga haramtacciyar murya ko ɗaya ba. Haka Marwa da Puriya da Sohini: muryoyi ɗaya, amma Marwa tana danna Re da Dha har Sa ta zama kamar baƙuwa, Puriya tana kan Ga da Ni, Sohini tana shawagi a sama. A Darbari Kanada kuma, Ga da Dha sassautattu ba a tsayar da su cak, ana lilo da su a hankali. In aka buga su a tsaye, ko aka yi lilon da sauri, nauyin ragar ya tafi. Shi ya sa jerin gidajen raga goma da masanin kiɗa Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya tsara yake da amfani wajen rarrabewa, amma ba ya koya wa mutum tafiyar raga. Daga bakin malami ake ɗaukar ta.

Ta fuskar horo, akwai atisayen da ake kira merukhand: a ɗauki muryoyi a jujjuya su ta kowace fuska. Uku suna ba da jeri 6, huɗu 24, biyar 120, bakwai 5040. Amir Khan, mawaƙin Indore da ya rasu a 1974, ya shahara da gina waƙarsa a kan wannan. Ba duka jerin ake amfani da su ba, raga ce ke tace wanda ya halatta. Amfaninsa shi ne kada hannu ko maƙogwaro ya saba da hanya ɗaya tak.

Game da yawan abin da aka haddace: a khayal, salon waƙar baka na arewa, rubutaccen ɓangaren baiti biyu ne, sthayi da antara, 'yan layuka kaɗan, amma a kansu za a yi minti 40. A Ektal mai jinkiri bugu ɗaya yana iya cin daƙiƙa huɗu ko biyar, zagaye ɗaya ya kusa minti guda, har mai tabla yakan raba kowane bugu huɗu, 12 ta koma kamar 48. Mawaƙin zai cika wannan fili da abin da ya zo masa, kunnensa na kan tirakita, haruffan tabla huɗu da ke faɗowa a bugu na 10, don daga nan yake shirin kama mukhda. A ganina wanda ya iso sam a natse bayan minti guda yana yawo ba tare da tihai ba ya fi mai jera tihai goma nuna ƙwarewa.

Ɗan Damagaram

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Duk abin da aka faɗa na arewa ne. A kudu, jihohin Tamil Nadu, Karnataka, Andhra Pradesh, Telangana da Kerala, tsarin Karnatik ake bi, kuma amsar tambayar farko ta ɗan bambanta. Gangar can mridangam ce, guda ɗaya mai baki biyu, ta itacen jackfruit. Mai mridangam ba ya riƙe theka. Bin waƙar yake yi yana yi mata ado, saboda haka ba za ka gane inda ake daga gangar ba. Mawaƙin ne ke nuna tala da hannu a cinyarsa a bainar jama'a, masu sauraro da yawa suna yi tare da shi.

Adi tala shi ne ya fi yawa, bugu 8: tafi, sai ƙirga yatsu uku daga ƙarami zuwa na tsakiya, sai tafi da juya hannu, sai tafi da juya hannu. Akwai Misra Chapu mai 7, 3+2+2, da Khanda Chapu mai 5, 2+3. A littafi akwai tala 7, kowanne da fuska 5, jimla 35, amma kaɗan ne ke yawo a dandali. Kowane bugu ana raba shi 4 a al'ada, ana kuma iya mayar da shi 3, 5, 7 ko 9 ba tare da gudun hannu ya canza ba, wannan shi ne nadai. Haruffan ƙirga: ta ka 2, ta ki ta 3, ta ka di mi 4, ta din gi na tom 5, ta ka di mi ta ki ta 7.

Rubutacciyar waƙa ta fi nauyi a kudu, musamman na Tyagaraja, Muthuswami Dikshitar da Syama Sastri, waɗanda dukansu a Tiruvarur aka haife su a ƙarni na 18. Ƙirƙira tana da gurabenta sanannu: alapana kafin waƙa, ba ganga, niraval, inda ake ɗaukar layi ɗaya a sauya masa karin murya amma kowace gaɓar kalma ta tsaya kusa da mazauninta a tala, kalpanaswaram, inda ake rera sunayen muryoyin a dawo kan layin, sai tani avartanam, filin masu ganga. Mai goge, wato violin, yana maimaita abin da mawaƙi ya ƙirƙira nan take, ya mayar masa da nasa.

Wurin sauka a kudu ba dole ne ya zama bugun farko ba. Inda layin waƙar ya fara, eduppu, nan ake dira. Waƙoƙin Tyagaraja da dama suna farawa bayan bugu ɗaya da rabi. Ga yadda yake shafar lissafi. Adi tala mai rabo 4 yana da ƙananan bugu 32. Rufewar da ake kira korvai kashi biyu ce. Kashi na biyu: ta din gi na tom sau uku da hutu ɗaya-ɗaya, 17. Saura 15, sai a yi kashi na farko 7+5+3, jimla tana raguwa, salon da suke kira wutsiyar saniya. 15 da 17, 32, an dira a farkon zagaye. In eduppu bugu ɗaya da rabi ne, ƙananan bugu 6 ke nan, jimla ta koma 38. Kashi na biyu yana nan a 17, na farko ya zama 21, wato 9+7+5. Wanda ya manta ya buga mai 32 zai dira a wuri mai kyau, amma mawaƙi bai iso ba, sai a ji rami na bugu ɗaya da rabi. A tani avartanam korvai ta ƙarshe sau uku ake buga ta, kuma ita ce sanarwa ga mawaƙi ya shirya kama layinsa.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Maman Sadiq ta ce kullum a ƙara 1 saboda sam, amma lissafin Malam Ɗan Damagaram ya tsaya a 32 cif, ba ƙarin komai. Wanne ne daidai? Sannan shi mai tabla in an ba shi fili, yana da doka irin ta raga ko duk abin da ya zo hannunsa ne?

Maman Sadiq

Duka daidai ne, inda ake ajiye bugun ƙarshe ne ya bambanta. A tabla dha ta ƙarshe tana cikin jimlar, ita ke hawa sam. A kudu tom ta ƙarshe tana cika zagaye, sannan a dira da wani bugu daban, tam, wanda ba a sa shi a lissafi. In ka ɗauko 5+1+5+1+5 irin ta kudu ka kawo Tintal, daga na 16 na zagayen baya za ka fara, ba daga sam ba. Mai haɗa littattafan ɓangarorin biyu bai lura da wannan ba kullum zai riƙa saɓawa da bugu ɗaya.

Baban Ummi

Yana da doka, Malam, mai tsauri ma. A kiɗan tabla zalla, sarangi, wani irin goge, ko harmoniya tana maimaita gajeren kari mai tsawon zagaye ɗaya, lehra, shi kuma yana gini a kai. Babban filin ƙirƙirarsa kaida ce, wato jimlar haruffan tabla da ake haddacewa a riƙa jujjuya ta. Ga wadda ake fara ba ɗalibai:

dha dha ti ta dha dha tu na / ta ta ti ta dha dha dhi na

Doka ta farko, haruffan da ke cikin kaidar kaɗai za ka juya, ba a shigo da baƙo. Tunda babu tirakita a nan, ba ta da wuri a duk juyin da za ka yi. Ta biyu, duk abin da ka buga da kauri a rabin farko sai ka maimaita shi ba kauri a farkon rabi na biyu, dha ta koma ta, sannan kauri ya dawo kafin sam. Ta uku, kowane juyi daga na gabansa yake fitowa. Juyin farko: dha dha ti ta sau uku, dha dha tu na, sannan ta ta ti ta sau biyu, dha dha ti ta, dha dha dhi na. Haka za a yi ta tafiya, a rufe da tihai da aka ƙera daga haruffan kaidar. Gidajen koyarwa shida ne, Delhi, Ajrada, Lucknow, Farrukhabad, Banaras da Punjab, kowanne da kaidojinsa da yadda yake ɗora yatsa. Alla Rakha da ɗansa Zakir Hussain, wanda ya rasu a 2024, 'yan gidan Punjab ne. Gangar hagu ma tana da nata filin: ana danna fatar da gindin tafin hannu a tura gaba, murya ta hau, aikin da mai kalangu yake yi in ya matse tsarkiya a hammata.

Atisayen da zai gyara maka ƙirga, ko ba ka da ganga: kunna lehra ta Tintal a manhaja a gudun 60, hannu yana tafi. Faɗi theka sau ɗaya a zagaye, sannan sau biyu, sannan sau huɗu, hannun bai canza gudu ba. Sau uku ya fi wuya, don theka ɗaya tana cin bugu 5 da sulusi, farkon ta biyu da ta uku ba sa faɗawa kan tafi, sai a sam ake haɗuwa. Matsalar da za ka fara gani ita ce hannu yana bin baki: da baki ya ninka gudu sai tafi ya ƙaru. In haka ta faru rage zuwa 50, ka ɗauki muryarka a waya tare da lehra, ka saurari bugu na 9 da na 13, a nan zamewar take fara bayyana.